Kadarorin Gajeren Zango da Ƙarancin Tsabar Kuɗi a Masana'antar Haƙar Ma'adinai

Kamfanin haƙar ma'adinai yana iya mallakar dutsen da ke ƙunshe da zinare ko jan ƙarfe na biliyoyin daloli, amma ƙarshen wata ya riske shi ba shi da abin biyan albashi da kuɗin man gas, domin arzikin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa ba ya biyan bashi sai an haƙo shi, an niƙa, an tace, an kai shi inda mai saye yake, sannan mai sayen ya biya. Tazarar da ke tsakanin mallakar dukiya da riƙe kuɗin kashewa ita ce masana harkar kuɗi ke aunawa idan suna maganar wadatar tsaba, wato ikon da kamfani ke da shi na sauke duk wani nauyin biya a ranar da wa'adinsa ya cika, ba tare da ya karyar da kayansa ko ya ci bashi mai tsada ba. Kowace masana'anta tana fama da wannan, sai dai abin ya fi tsanani a haƙar ma'adinai, saboda hanyar da ke tsakanin rami da banki doguwa ce, kuma yawancin ƙofofin da ke kanta makullansu ba a hannun kamfanin suke ba.

Ƙa'idojin akanta na duniya, waɗanda ake kira IFRS, sun raba kadarorin kamfani gida biyu. Kadarorin dogon zango su ne waɗanda ake mora shekara da shekaru, kamar injinan niƙa, manyan motoci, gine-gine da kuɗin da aka zuba wajen buɗe mahaƙar. Kadarorin gajeren zango kuwa su ne waɗanda ake sa ran za su koma tsabar kuɗi, ko a yi amfani da su su ƙare, cikin wata 12 ko cikin zagaye guda na aikin kamfanin, kuma sun haɗa da kuɗin da ke banki, da basussukan da kamfanin ke bin wasu, da haja, da abin da ya biya tun kafin ya karɓi aiki, kamar inshora. A ɗaya gefen akwai basussukan gajeren zango, wato abin da ake bin kamfanin wanda dole ya biya cikin shekara: kuɗin 'yan kwangila da masu kawo kaya, albashi, haraji, da kason bashin banki da wa'adinsa ya matso. Abin da ya rage bayan an cire na biyun daga na farkon shi ne jarin juyawa. Ma'adinin da ba a haƙo ba, komai yawansa da ingancinsa, ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan.

Akwai ma'auni biyu da aka saba amfani da su. Na farko shi ne a raba jimillar kadarorin gajeren zango da jimillar basussukan gajeren zango, idan sakamakon ya haura 1 sai a ce kamfani na da abin biya. Na biyu ya fi tsauri, domin ana cire haja tukuna kafin a raba. Misalin da aka ƙaga don bayani zai nuna bambancin: kamfani na da kadarorin gajeren zango na dala miliyan 300, ana bin sa miliyan 150, sakamakon farko ya ba da 2, wanda duk mai dubawa zai ce lafiya lau. Amma idan miliyan 200 daga ciki haja ce, miliyan 60 bashin da yake bi, miliyan 40 kaɗai ke banki, to ma'auni na biyu ya faɗo zuwa kashi biyu bisa uku. Idan kuma aka gano cewa miliyan 40 daga bashin da yake bi harajin da gwamnati za ta mayar masa ne wanda ba a san ranar biyansa ba, abin da zai iya taɓawa da gaske miliyan 60 ne a gaban bashin miliyan 150. Jimilla ba ta faɗin gaskiyar halin mahaƙa, sai an warware ta an ga abin da ke ciki.

Haja ce babban wurin ruɗu, domin layi ɗaya a takardar lissafi yana tattara abubuwan da nisansu da kuɗi ya sha bamban. Sandar zinare da aka zuba a mahaƙa, wadda ba a gama tace ta ba, ana ɗaukar ta a jirgin sama zuwa matata, kamar Rand Refinery ta Afirka ta Kudu ko matatun Suwizalan, kuma cikin 'yan kwanaki kuɗi sun shigo, saboda haka kusan tsaba ce. Dutsen da aka tara tsibi a kan shimfiɗar roba ana yayyafa masa ruwan sinadari don ya tsotso ƙarfen da ke cikinsa yana ɗaukar watanni kafin ya ba da abin sayarwa. Akwai kuma tarin dutse mai ƙarancin ma'adini da ake ajiyewa gefe sai ƙarshen rayuwar mahaƙa, wanda akantoci masu tsantseni ke mayarwa cikin kadarorin dogon zango, ko da yake iyakar da ke tsakanin biyun hukuncin shugabannin kamfani ce, kuma hukunci yakan karkata inda mai shi ke so. Sai kayan sito: tayar babbar tifar mahaƙa, wadda tsayinta ya kai na mutum biyu kuma kuɗinta dubun-dubatar daloli ne, da ƙwallayen ƙarfe da ake zubawa a injin niƙa, da nakiya, da sinadarai. Mahaƙar da ke nesa da tashar jiragen ruwa dole ta tara waɗannan na watanni, domin rashin ƙarfe ɗaya na iya tsayar da injin gaba ɗaya, amma ba a saye su don sayarwa ba, kuma ranar da aka matsu aka kai su kasuwa ba za su mayar da kuɗinsu ba.

Ƙa'idar ƙiyasta haja ita ma tana da nata tasiri. Ana rubuta ta ne a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin abin da aka kashe wajen samar da ita da abin da za a samu idan an sayar bayan cire kuɗin kammalawa da na jigila, saboda haka idan farashi ya faɗi a kasuwar duniya sai darajar hajar ta zaizaye a takarda daidai lokacin da kuɗin shiga ma ke raguwa. Wani lokaci kuma kamfani da kansa ke riƙe kaya don kada ya ƙara karya farashi, kamar yadda kamfanin De Beers ya wayi gari a ƙarshen 2024 da tarin lu'ulu'u na kimanin dala biliyan 2, bayan kasuwar ta yi sanyi kuma lu'ulu'un da ake ƙerawa a ɗakin gwaje-gwaje ya cinye wani kaso nata.

Babu misalin da ya fi fito da wannan al'amari fili kamar abin da ya sami kamfanin SOMAÏR mai haƙar yuraniyom a Arlit, arewacin Nijar, wanda ya fara fitar da ma'adini tun 1971, kuma har zuwa 2025 kamfanin Orano na Faransa ne ke da kashi 63.4 cikin 100 na hannun jarinsa, SOPAMIN na gwamnatin Nijar ke da sauran. Abin da kamfanin ke sayarwa gari ne mai ruwan ɗorawa da ake durawa a durom-durom na ƙarfe, wanda a da akan loda a tireloli, a bi hanyar kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Kwatano a Jamhuriyar Benin, daga can jirgin ruwa ya kai shi Faransa. Ta wannan hanyar kuma sinadaran da ake tace dutsen da su, irin su farar wuta da soda, suke shigowa a lokacin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO, ta sa takunkumi aka rufe iyakoki, sinadarai suka yanke, masana'antar tacewa ta tsaya na wani lokaci kafin ta koma aiki a farkon 2024. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata gefen iyakar da Benin bisa dalilin tsaro, sai ya zama ana haƙa ana tacewa ana durawa, ana biyan albashi da kuɗin wuta, ba a fitar da ko durom ɗaya.

Abin lura shi ne a daidai wannan tsakanin farashin yuraniyom ya haura dala 100 a kan kowace laba a Janairun 2024, matakin da bai taka ba tun 2007, wato hajar tana ƙara daraja alhali asusun kamfanin na bushewa. A Oktoban 2024 Orano ya sanar da cewa za a dakatar da aiki daga 31 ga watan saboda matsin kuɗi, yana mai cewa kimanin tan 1,050 na garin, wanda aka ƙiyasta a kan yuro miliyan 300, na jibge ba hanyar fita. A Disamba ya ce ragamar kamfanin ta fita daga hannunsa, a Yunin 2025 kuma gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, tana zargin Orano da kwasar abin da ya wuce kasonsa tsawon shekaru. Rikicin na siyasa ne da na shari'a, kowane ɓangare na da hujjojinsa, amma ta fuskar lissafi darasin bai da wuyar gani: kayan da aka gama sarrafawa, waɗanda ke da masu saye suna jira, kuma a ƙa'ida suke sahun gaba na kadarorin gajeren zango, ba su biya ko sisin albashi ba, domin tsakaninsu da kuɗi akwai gada guda ta kan iyaka a kan kogin Kwara da aka tare. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma yuraniyom ya fi kowane ma'adini nuna haka, tunda ba kaya ba ne da za a sayar wa duk wanda ya taya ko a bi da shi ta kowace hanya.

Ba Nijar kaɗai ba ce. A Maris na 2017 Tanzaniya ta hana fitar da garin ma'adini mai ɗauke da zinare da jan ƙarfe, kwantenonin kamfanin Acacia suka maƙale a tashar Dar es Salaam, kafin shekarar ta ƙare ya rage aiki a mahaƙar Bulyanhulu don tsayar da zubar kuɗi. A 28 ga Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin Panama ta ce yarjejeniyar mahaƙar Cobre Panamá ta saɓa wa tsarin mulki, aka rufe ta da kimanin tan 120,000 na garin jan ƙarfe a rumbunta, wanda First Quantum na Kanada bai sami izinin fitarwa ba sai a 2025. A Mali, bayan an hana kamfanin Barrick fitar da zinaren mahaƙar Loulo-Gounkoto, hukumomi sun kwashe kimanin tan 3 a Janairun 2025, kamfanin ya dakatar da aiki. Zinare, wanda aka ce kusan tsaba ne, shi ma sai da izinin fita yake zama tsaba.

Bashin da mahaƙa ke bi yana da tasa sarƙaƙiya, wadda ta samo asali daga yadda ake cinikin garin ma'adini. Idan aka loda garin jan ƙarfe a jirgi, ana auna nauyinsa, a auna laimarsa, a ɗebi samfur a kasa shi, mai sayarwa ya riƙe kaso, mai saye ya riƙe kaso, a rufe wani a ajiye don mai raba gardama idan gwajin ɓangarorin biyu ya saɓa. Mai saye yakan biya kusan kashi 90 cikin 100 a kan farashin wucin gadi da zarar takardun jirgi sun isa, amma farashin ƙarshe sai an ɗauki matsakaicin farashin kasuwar ƙarafa ta Landan na wani wata da aka amince a kai, wanda kan zo bayan wata ɗaya zuwa huɗu. Idan farashi ya hau a tsakani mahaƙa ta ci riba, idan ya faɗi sai ta mayar da rara. A 2008 jan ƙarfe ya faɗo daga kusan dala 9,000 kan tan a Yuli zuwa ƙasa da 3,000 a Disamba, mahaƙan da suka yi lodi da kaka suka tarar cewa cikon kuɗin da suke jira ya rikiɗe ya zama bashi a wuyansu.

Nau'i na biyu na bashin da ake bi, wanda ya fi damun mahaƙan Afirka, shi ne harajin VAT. Mai fitar da kaya waje yana biyan wannan haraji a kan mai, wuta da kayan aiki, sannan ya nemi gwamnati ta mayar masa, kuma da yake mahaƙa kusan duk abin da ta samar waje take kaiwa, kullum ita ke bin baitulmali. A 2014 Zambiya ta riƙe kimanin dala miliyan 600 na irin wannan kuɗi, bisa wata ƙa'ida da ta buƙaci kamfani ya kawo takardar shigar kaya daga ƙasar da aka sauke su, abin da ke da wuya ga wanda ya sayar wa dillali a bakin mahaƙa bai san inda jirgin zai ƙare ba. Gwamnati na da dalilinta na tsoron ƙaryar fitar da kaya, sai dai baitulmalin da ke cikin matsi ba ya gaggawar biya, kuma matsinsa yakan zo ne daidai lokacin da farashin ma'adinin ya faɗi, wato lokacin da mahaƙar ta fi buƙatar kuɗin. Ko abin da aka rubuta a matsayin tsaba ma sai an duba shi, domin wani kaso jingina ne da doka ta wajabta ajiyewa don gyara ƙasa bayan rufe mahaƙa, wani kuma yana cikin kuɗin gida a ƙasar da samun dala ke da wuya, alhali taya da sinadari da bashin banki duk da dala ake biyansu.

Abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne kashe kuɗi ba ya tsayawa don ciniki ya tsaya. Ramin ƙarƙashin ƙasa idan aka kashe famfunansa ruwa zai cika shi, madatsar da ake zuba dagwalon niƙa tana buƙatar kulawa ko ana aiki ko ba a yi, kuma Cobre Panamá bayan an rufe ta ma ta riƙa cin fiye da dala miliyan 10 a wata. Ga kuma kalanda, wadda ke mayar da bashin dogon zango na gajeren zango ba tare da kowa ya ƙara cin ko kwabo ba. Rio Tinto ya sayi kamfanin Alcan a 2007 a kan dala biliyan 38, yawanci da bashin banki, farashi ya rushe a shekarar da ta biyo, wa'adin biyan manyan kaso ya matso, a 2009 sai da ya koma wurin masu hannun jarinsa ya tara kimanin dala biliyan 15. Wannan ɗabi'a ce da ta daɗe a masana'antar: idan farashi ya hau ana raba riba, a sayi sababbin mahaƙai da tsada, ajiyar da ta kamata a yi a lokacin yalwa sai a neme ta a lokacin fari.

Kamfanin Glencore ya shiga irin wannan hali a 2015, lokacin da jan ƙarfe, wanda ya kai dala 10,000 kan tan a farkon 2011, ya gangaro zuwa kusan rabin haka, kamfanin kuma na ɗauke da bashin kusan dala biliyan 30. Adadin ma bayan an cire hajar cinikinsa ne, wadda yake ɗauka tamkar tsaba bisa hujjar cewa ana iya sayar da ita nan take, hujjar da masu zuba jari da yawa suka daina gamsuwa da ita. A Satumba ya sanar da shirin rage bashi da kimanin dala biliyan 10, wanda ya ƙunshi dakatar da raba riba, sayar da sababbin hannayen jari na biliyan 2.5, da tsayar da wani sashe na aiki a mahaƙan Katanga ta Kwango da Mopani ta Zambiya. Duk da haka a 28 ga watan hannun jarinsa ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 a yini ɗaya. Kamfanin ya tsira, kuma mahaƙansa ba su canja ba tsakanin ranar tsoro da ranar kwanciyar hankali. Abin da aka yi shakka a kai shi ne ko bankuna za su ci gaba da sabunta masa bashin gajeren zango da cinikinsa ya dogara a kai.

Hanyoyin samo tsaba a lokacin matsi duk suna da farashi, kuma yawancinsu sayar da gobe ne don a tsallake yau. Mafi sauƙi shi ne layin bashi na ko-ta-kwana da aka ƙulla da bankuna tun ana lafiya, wanda ake ja a mayar yadda ake so, sai dai yana zuwa da sharuɗɗa a kan yawan bashi idan an gwada da riba, kuma faɗuwar farashi kan karya sharuɗɗan daidai ranar da ake son jan kuɗin. Akwai karɓar kuɗin kaya tun kafin a haƙo su, kamar dala miliyan 500 da First Quantum ya karɓa daga Jiangxi Copper na ƙasar Sin a farkon 2024, a kan zai riƙa ba shi jan ƙarfe daga Zambiya na tsawon shekara 3. Akwai wanda ya fi wannan zurfi, inda ake jinginar da wani kaso na ma'adini har iyakar rayuwar mahaƙa: a ƙarshen 2015 Glencore ya karɓi dala miliyan 900 daga kamfanin Silver Wheaton a kan azurfar mahaƙar Antamina ta Peru, wadda mai sayen zai riƙa karɓa yana biyan kashi 20 cikin 100 kacal na farashin kasuwa. Tsarin bai bambanta da abin da ƙananan mahaƙan zinare a Zamfara ko Agadas suka sani ba, inda dillali ke ɗaukar nauyin abinci da mai da kayan aiki bisa sharaɗin shi za a sayar wa abin da aka samu a farashin da ya gaza na kasuwa.

Sauran hanyoyin biyu ba sa buƙatar sa hannun banki, shi ya sa suka fi yawa kuma suka fi wuyar ganewa daga waje. Ta farko ita ce a karkata ga wurin da dutse ya fi ma'adini, a jinkirta kwashe ƙasa da duwatsun banza da ke rufe da abin da za a haƙa nan gaba. Asusu zai cika na shekara ɗaya ko biyu, sannan a iso wurin da ba a share ba, a biya kuɗin sharewar a dunƙule, wani sashe na ma'adinin kuma ya zama bai cancanci haƙa ba tunda an cire mai kyan da zai ɗauki nauyinsa. Ta biyu ita ce jinkirta biyan masu kawo kaya. Takardar da aka saba biya cikin kwana 30 sai ta kai 90 ko fiye, kuma manyan kamfanonin waje masu sayar da taya da nakiya suna da ƙarfin cewa sai an biya kafin su loda, saboda haka jinkirin yakan sauka ne a kan 'yan kwangilar gida: mai tankar ruwa, mai kawo abincin ma'aikata, mai hayar motoci, mai ɗinka kayan aiki. Su ne ke komawa banki su ci bashi da ruwa mai yawa don su biya nasu yaran, wato ba da saninsu ba sun zama masu ba mahaƙar rance marar ruwa. A takardar lissafin kamfani tsabar da ke banki za ta nuna ba ta ragu sosai ba, sai wanda ya kwatanta layin bashin masu kawo kaya na bana da na bara, ya gwada shi da yawan kayan da aka saya a shekarar, zai ga daga inda kuɗin suka fito.